Mun Je Sunan Ɗansa, Ba Mu San Ranar Da Shagonsa Ya Rufe Ba



A azumin da ya wuce, muna shirya rabon kayan abinci ga gidajen da suka rubuta suna, sai na ga wani suna a takarda da ya sa na tsaya cak. Mutum ne da na sani shekara goma sha biyar. Yana da shagon kayan abincin gida a kudancin Landan, kuma shekaru da dama shi ne yake ba mu buhunan shinkafa kyauta saboda wannan rabon. Na ɗauka an yi kuskure ne, an sa sunan mai bayarwa a layin masu karɓa. Da daddare na ɗauki kayan na kai masa da kaina, don kada a aiki yaro. Ya buɗe ƙofa ya ce mini, "Yaya, ba kuskure ba ne. Wata bakwai ke nan da na mayar da makulli."

Wata bakwai. A cikin watannin nan mun je sunan ɗansa, mun ci tuwo a gidansa. Da mahaifiyarsa ta rasu a Kumasi mun haɗa gudummawa, mun zauna addu'ar kwana bakwai da ta arba'in. Duk Juma'a sahu ɗaya muke tsayawa. Babu ko mutum ɗaya cikinmu da ya san ƙofar shagonsa ta rufe.

Na zauna ya ba ni labari, kuma ya yarda in faɗa muddin ban ambaci sunansa ba. Abu uku ne suka kayar da shi: ƙarin kuɗin haya da ya sa wa hannu ba tare da ya tambayi kowa ba, wasiƙun hukumar haraji da ya yi ta jefawa a aljihun tebur saboda tsoro har tara ta hau kan tara, da bashin kaya da ya ba wani mai gidan abinci wanda ashe ya riga ya cinye kuɗin mutum biyu a unguwar. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, kowanne daga cikin ukun akwai wanda ya taɓa faɗawa cikinsa ya fita a sahun da muke sallah. Ni kaina na taɓa shiga na farkon. Da mun taɓa zama mun yi maganar kasuwa ko sau ɗaya a wata, da wuya a ce duka ukun sun same shi.

Wannan ne ya sa na roƙi fili a wannan fitowar in yi bayani kan zaman 'yan kasuwa: mutum takwas ko goma masu ƙananan sana'o'i, su riƙa haɗuwa a kan lokaci, su gaya wa juna gaskiyar abin da ke faruwa a kasuwancinsu. Turawa suna da irin waɗannan ƙungiyoyi birjik, har kuɗi ake biya a shiga. Mu kuwa gadonmu ne, mun bar shi a gida ne kawai muka hau jirgi.

Yadda kakanninmu suka yi

Kalmar zango ita kanta ta fatake ce, wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana. Fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da turkuɗi da fatu, su yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su koma da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwar suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. Da yawa daga cikin zangunan da muka tashi a ciki daga nan suka cika.

Baƙon da ya zo da kaya daga nesa bai san harshen gari ba, bai san farashin ranar ba, bai san wanda yake biyan bashi da wanda yake gudu ba. Shi ya sa kowane falke yake da mai gidansa. Mai gida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wa zai sayar wa, wa zai guje wa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda daga baya ya koyar a makarantar SOAS a nan Landan, ya zauna a unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda suke cinikin shanu da goro. Abin da ya gani shi ne ana ba mahautan gari shanu bashi ba tare da takarda ba, mai gida ne yake tsayawa, idan mahauci bai biya ba shi zai biya mai shanu daga aljihunsa. Saboda haka masu gida da dillalansu suna bin labarin kowane mahauci, kuma wanda ya ci amanar ɗaya, labarinsa ya isa ga sauran, ba zai ƙara samun sa ko ɗaya bashi a kasuwar ba.

Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, a cikin wannan tsari ya tashi. Hanyar goron Gwanja ya fara bi, ya zauna a Ankara, ya yi ta aika goro ta jirgin ruwa zuwa Legas kafin ya shiga gyaɗa. Muna yawan ambaton dukiyarsa, ba mu cika ambaton cewa a kowane gari yana da masu gaya masa farashi da masu riƙe masa amana ba.

Mu da muka zo Ingila mun taho da rabin gadon. Ƙungiyar jana'iza muna da ita, ta biki da suna muna da ita, ta Maulidi da ta 'yan gari ɗaya muna da su, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka kafa su. Ɗaya rabin, na zama a yi maganar jari da bashi da farashi, shi ne ya ɓace. Ba na zargin kowa. A Nima ko Aboabo shagonka yana kallon na ɗan uwanka, ko ba ku so sai kun san halin juna. A nan wani yana Peckham, wani Tottenham, wani Barking, wani Croydon, kowa ya rufe shago ƙarfe tara na dare ya bi jirgin ƙasa ya tafi gida a gajiye.

Labarin da ba ya iso mu

Babban abin da zama irin wannan yake bayarwa shi ne labari a kan lokaci, daga bakin wanda ya riga ya taka wurin. Ƙasar nan komai a rubuce yake, amma rubutun yana intanet cikin Turancin da ko 'ya'yanmu da suka yi jami'a sai sun karanta sau biyu.

Ku tuna 2020, lokacin kullen korona. Gwamnati ta ba ƙananan shaguna kyautar fam 10,000, ba bashi ba, amma ta bi ta sunan wanda ke kan takardar harajin shago a kansil. Mutanenmu da yawa ba su da shago sukutum, teburi ne ko lungu suke haya a cikin shagon wani. Wani bincike da jami'ar LSE ta yi a titin Rye Lane na Peckham a 2012 ya sami masu shaguna daga ƙasashe fiye da ashirin, kuma ya nuna yadda ake yanka shago ɗaya gida-gida: mai gyaran waya a bakin ƙofa, mai kitso a ciki, mai ɗinki a can ƙurya. Irin waɗannan kuɗin farko ya wuce su. Daga baya, a watan Mayu na shekarar, aka buɗe wani asusu na biyu da kansiloli suka raba ga masu haya a cikin shagon wani da masu teburi a kasuwa, amma sai ka nema, kuma an sa wa'adi gajere. Waɗanda suke cikin ƙungiyar 'yan kasuwa sun ji a ranar da aka buɗe. Na san hajiyoyi masu ɗinki da ba su ji ba sai bayan an rufe. Haka tallafin masu aikin kansu: an duba wanda ya cika takardar harajin shekarar 2018 zuwa 2019. Wanda ya yi shekaru yana ɓoyewa, yana ganin ya yi wayo, ranar nan ya tashi hannu banza.

Ko yanzu da babu annoba, ga abubuwan da na ga suna cin mutanenmu, kuma duk a bakin ɗan uwa na fara jin su. Idan darajar hayar da hukuma ta ƙiyasta wa shagonka ba ta wuce fam 12,000 a shekara ba, kuma shi kaɗai ne shagonka, ba ka biyan harajin shago ko kwabo, sannan akwai ragi har zuwa fam 15,000. Sai dai ka tabbatar kansil ta sa maka, don akwai masu biya shekara da shekaru ba su sani ba. Idan abin da ka samu ta sana'arka ya haura fam 1,000 a shekarar haraji, ko da daga kicin ɗin gidanka kake sayar da ƙosai, ya kamata ka yi rajista da HMRC, kuma ranar 31 ga Janairu ce ƙarshen cika takarda ta intanet. Tun 1 ga Afrilu 2024 iyakar shiga harajin VAT ta koma fam 90,000, kuma ciniki ake ƙirgawa, ba riba ba, a kowane wata goma sha biyu a jere. Mai shagon da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba yana iya haura iyakar bai sani ba. Daga 6 ga Afrilu 2026 kuma, mai aikin kansa da cinikinsa ya wuce fam 50,000 dole ya riƙa ajiye lissafi a kwamfuta ko waya yana aika wa hukuma duk wata uku. Littafin makaranta da muke rubuta ciniki a ciki ba zai wadatar ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan zafi. Tun Fabrairu 2024, wanda aka kama ya ɗauki ma'aikacin da ba shi da izinin aiki, tarar tana kaiwa fam 45,000 a kan kowane mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 idan ya sake. Na san abin da ke sa mu yi: ɗan ƙanwarka ne, ko yaron maƙwabcinku na gida, yana kwance ba abin yi, ka ce ya zo ya tsaya maka a shago. Tausayi ne. Amma tara guda ta isa ta rufe shagon da ke ciyar da gida uku, kuma yaron ma ya shiga matsalar da ta fi wadda yake ciki. Akwai hanyoyin taimaka masa da ba wannan ba, ku zo mu yi magana.

Iyayenmu mata masu waakye da koko da shito da fura, wannan naku ne. Duk mai sayar da abinci, ko daga gida ne, doka ta ce ya yi rajista da kansil kwana 28 kafin ya fara, kuma kyauta ne. Akwai abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya ɗauka, waɗanda dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci. Gyaɗa tana ciki, riɗi yana ciki, haka kifi da jatan lande da madara da ƙwai da alkama. To ku duba: yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, shito kifi ne da jatan lande, fura kuwa da nono ake sha. Wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Natasha ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi da ba a rubuta a jikin leda ba, shi ya sa tun 1 ga Oktoba 2021 duk abincin da ka ƙulle kafin mai saye ya zo sai ka liƙa masa takardar abin da ke ciki. Kwalbar shito da ake ajiyewa a kan kanta babu rubutu tana iya jawo abin da ya fi tara, tana iya ɗaukar rai. Hajiya ɗaya da ta riga ta koyi yadda ake buga takardar nan za ta koya wa goma a zama guda.

Maganar haya

A nan zan daɗe kaɗan, don haya ce take kashe shagunanmu fiye da komai, kuma a nan ne ɓoye-ɓoyenmu ya fi cutar da mu.

Shekarun baya na karɓi shago, mai ginin ya turo mini takardu, cikinsu akwai wata 'yar guntuwa da wakilinsa ya ce mini al'ada ce kawai, kowa yana sa hannu. Na sa. Na kashe abin da na tara na gyara wurin, na sa firji, na tara masu saye. Shekara biyar ta cika aka ce in tashi ko in biya kusan ninki biyu. Sai a wurin lauya na ji cewa akwai dokar 1954 da ta ba mai hayar wurin kasuwanci haƙƙin sabunta haya idan wa'adi ya ƙare, sai fa idan ya sa hannu tun farko cewa ya yafe wannan haƙƙin. 'Yar guntuwar takardar nan ita ce yafewar. Laifina ne, ban tambaya ba. Amma a lokacin akwai Alhaji guda da muke gaisawa kullum wanda aka yi wa haka shekara uku kafin ni, kunya ta hana shi faɗa, ni ma kunya ta hana ni faɗa, har ta kai ga ɗan uwan da na ba ku labarinsa.

Mai gini ya san abin da kowane shago a layin yake biya. Kai naka kaɗai ka sani. Idan ya ce maka maƙwabcinka ya yarda da kaza, ba ka da yadda za ka ƙaryata. A gabashin Landan ƙananan 'yan kasuwa sun gane wannan, suka kafa ƙungiyar East End Trades Guild a 2012. Abin da ya tayar da su shi ne ƙarin haya da aka so a ɗora wa wani tsohon shagon jakunkunan takarda, Gardners, wanda a lokacin yake titin Commercial Street tun 1870. Daga cikin abin da suka sa a gaba har da bayyana wa juna nawa kowa ke biya, don kada a riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. A Seven Sisters kuwa, 'yan kasuwar da yawancinsu mutanen Kolombiya ne da maƙwabtansu sun yi fiye da shekara goma suna ja da kamfanin da ya so ya rushe kasuwarsu ya gina gidaje, har kamfanin ya janye a Agusta 2021. Ba zan ɓoye muku ba, nasarar ba ta zo da sauƙi ba, kasuwar ta shafe shekaru a rufe tun Maris 2020. A Elephant and Castle ma an rufe babbar kasuwar a Satumba 2020, kuma duk da ƙoƙarin ƙungiyoyi, masu teburi da dama ba su sami wurin komawa ba. Haɗin kai ba ya hana a rushe gini kullum. Abin da na lura shi ne waɗanda suke cikin ƙungiya an rubuta sunansu, an zauna da su, wasu an ba su wuri ko diyya. Wanda yake shi kaɗai ba a ma san ya taɓa zama a wurin ba.

Sari da adashi

Sauran amfanin a bayyane yake, ba sai na ja ba. Kasuwar sari ta New Spitalfields da ke Leyton tana buɗewa da tsakar dare. Mutum huɗu kowa ya tayar da motarsa ya je ya sayi kwali biyar na doya da borode, ko kuwa mota ɗaya ta je ta sayi ashirin a farashin mai ashirin. Haka kwantenar da ke tashi daga Tilbury zuwa Tema, haka akanta ɗaya da zai rage kuɗi idan aka kawo masa mutum takwas. Sai dai a kula da kayan da ke shigowa: wanda sunansa ke kan takarda shi ake kamawa, kuma nama irin kilishi ba a shigo da shi ƙasar nan a jaka daga gida. Kada zumunci ya sa ka karɓi ƙullin da ba ka buɗe ba.

Adashi, ko susu, shi ne kaɗai ɓangaren gadon da matanmu ba su bari ya mutu ba, kuma na san shaguna da yawa da jarin farko daga nan ya fito, babu kuɗin ruwa ko sisi. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Jamaika da suka zo bayan 1948 suna kiran nasu pardna, da shi suka sayi gidaje a Brixton da sauran unguwanni lokacin da bankuna suke ƙin ba su bashi, har gidan tarihin Babban Bankin Ingila ya yi baje koli a kansa a 2023. Somaliyawa suna da hagbad, 'yan Pakistan suna da kameti. Amma ga gargaɗi biyu. Kuɗin adashi ba shi da kariyar da kuɗin banki yake da ita, idan uwar adashi ta rasu ko wani ya kwasa ya gudu, babu hukumar da za ta biya. Sannan idan ka kai dunƙulen kuɗi banki babu bayani, suna iya rufe maka asusu su tambayi asalinsa. Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma addininmu ya riga kowa faɗa: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A rubuta sunaye, da zubi, da ranar kwasa, kowa ya sa hannu.

Shawarata ita ce kada sabon zama ya fara da kuɗi. A yi wata shida ana haɗuwa ana magana kawai. Kuɗi idan ya shigo da wuri, shi ake zuwa dominsa, kuma ranar da mutum ɗaya ya kasa zubi, shi ke nan ya daina zuwa, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar zaman.

Abin da ke hana mu

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci. Na gaya wa mai sayar da irin kayana inda nake sari, gobe ya karya farashi ya kwashe mini mutane? In faɗi ribata, baki ya kama ni? In faɗi asarata, a kai labari gida kafin in kai? Waɗannan ba tsoron banza ba ne, duk sun taɓa faruwa. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da shi. Amma rufin asirin da aka umarce mu shi ne ka rufe na ɗan uwanka. Mu mun juya shi, kowa ya rufe nasa daga masu iya taimakonsa, idan kuma na wani ya fito sai a yi ta yawo da shi a WhatsApp.

Shi ya sa zaman yake buƙatar sharuɗɗa. Kada ya yi yawa, takwas zuwa goma sha biyu ya isa. A gauraya sana'o'i: mai kayan abinci, mai ɗinki, direban haya, mai aika kaya gida, mai aski, mai kamfanin shara. Idan akwai biyu masu sana'a ɗaya, su kasance a unguwanni daban. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, wanda ya fitar a sallame shi, ko wane ne shi. Kuma kowa ya yi magana, ba mai kuɗi kaɗai ba. Na halarci taruka da yawa inda babban alhaji yake bayani awa guda, yara suna gyaɗa kai, a yi addu'a a watse, babu wanda ya faɗi abin da ke damunsa.

Akwai abu ɗaya da muka saba a gida wanda a nan laifi ne babba. A kasuwanninmu sarkin kasuwa ko sarauniyar masu doya suna iya yanke farashi kowa ya bi. A Ingila dokar gasa ta 1998 ta hana masu sana'a ɗaya su haɗa baki su tsayar da farashin da za su sayar, ko su raba unguwanni a tsakaninsu, komai ƙanƙantar shagunansu. Ku yi maganar haya, da haraji, da inshora, da inda ake samun kaya mai kyau. Kada ku ce daga gobe kowa ya sayar da doya kaza. Haka idan za a gargaɗi juna kan mai cin bashi, a faɗi abin da ya faru da kai kai tsaye, da baki, ba jita-jita ba, kuma kada a rubuta sunan mutum a watsa.

Iyayenmu mata su yi nasu zaman idan sun fi sakewa haka, kuma a gaskiya sun riga mu nisa, abin da ya rage musu shi ne su ƙara rabin awa na maganar takardu a kan ranar zubi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuma a jawo su. Akwai akantoci da lauyoyi a cikinsu, muna alfahari da su ranar biki, amma ba ma nuna musu wasiƙar da ta zo daga kansil saboda kada yaro ya ga gazawar babba. Kowane zama ya nemi ɗaya daga cikinsu ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata uku. Akwai kuma sashen taimakon 'yan kasuwa a babban ɗakin karatu na British Library kusa da King's Cross, da rassa a ɗakunan karatu na unguwanni da dama, inda ake ba da shawara kyauta. Mutum ɗaya ya je ya dawo ya fassara wa sauran.

Dattawa, roƙona gare ku

Ku ne masu gidan wannan zamani, ko kun karɓi sunan ko ba ku karɓa ba. Wanda ya sauka Heathrow yau, lambar ɗayanku ce a aljihunsa. Idan limami ko sarkin zango ya ce a zauna, za a zauna, idan ni na faɗa za a ce Alhaji yana neman wani abu. Ba kuɗi muke roƙo ba. Ɗaki muke so na awa biyu sau ɗaya a wata, bayan la'asar ranar Lahadi lokacin da yaran makaranta suka tashi, da dattijo ɗaya da zai buɗe da addu'a ya tsaya a matsayin shaida kan amanar abin da aka faɗa.

A ɓangarenmu na masu aikin sa kai, mun ga cewa kuɗin zakka da sadakar da muke kai wa gida ɗaya bayan shago ya rufe ya ninka abin da za a kashe a hana shi rufewa. Mun fara da mutum bakwai. Ɗan uwan da na buɗe da labarinsa yana ciki, yanzu yana tuƙa motar kai kaya, yana biyan hukumar haraji kaɗan-kaɗan bisa yarjejeniyar da wata 'yarmu akanta ta taimaka masa ya nema. A zamanmu na biyu shi ne ya karanta takardar hayar wani matashi mai shirin buɗe wurin aski, ya sa yatsa a kan 'yar guntuwar takardar nan ya ce, "Ƙanena, wannan kada ka sa hannu sai lauya ya gani."

Duk mai son shiga, ko mai son a taimaka masa ya kafa irinsa a unguwarsu, ya sami ɗaya daga cikinmu a teburin rabon kaya bayan sallar Juma'a. Ranar zaman farko a zo da takardar haya, da takardar harajin shago ta bana, da duk wata wasiƙa mai ruwan ƙasa da ke aljihun tebur ba a buɗe ba. Za mu buɗe su tare.